Ra'ayinmu: Minti 30 Ɗin Da Ɗan Kasuwa Ya Ce Ba Shi Da Su

Duk wanda ya san kasuwannin Omdurman ya san irin wannan magidanci. Yana sallame sallar asuba zai koma ya ɗan kishingiɗa, hantsi ya yi ya karya da waken ful da burodi, ya tsayar da raksha a ƙofar gida ta sauke shi a bakin shago. Daga nan fa ya hau kujera ke nan. Mai shayi ta aiko masa da nasa har inda yake, yaro ya sauko da kaya, yaro ya auna, yaro ya ɗaure, kuɗi kuma su shigo ta Bankak a cikin wayar da ke hannunsa, ko wahalar tashi neman canji babu. In ban da alwala da salla, babu abin da zai raba shi da kujerar nan sai magariba, lokacin da wata rakshar za ta mayar da shi gida ya ci tuwo ya kwanta. Idan ka ce masa, "Alhaji, ya kamata fa ka riƙa ɗan taka ƙasa," sai ya yi dariya ya ce, "Ina na ga lokaci? Mai 'ya'ya takwas ne zai bar neman abin da za su ci ya tafi wasan guje-guje?"

Mun kuma san yadda labarin yakan ƙare. Wata rana sai a wayi gari kujerar babu kowa. A tambaya, a ce ai jiya da dare ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Cikin 'yan watanni jarin da aka yi shekara ashirin ana tarawa ya narke a kuɗin gwaji da na magani da na motar zuwa asibiti. Babban ɗa ya bar makaranta ya zauna a shagon da bai san kansa ba, masu bin bashi su taso, waɗanda ake bi kuma su yi ɓatan dabo. 'Ya'ya takwas ɗin nan da aka ce saboda su ne babu lokaci, su ne na farko da abin yake faɗa wa a ka.

Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ga ya dace yau mu yi magana a kan motsa jiki, duk da mun san akwai waɗanda za su ce ana ta kai wa yake ta kaya. A ra'ayinmu, ga mai iyali da ke ci da guminsa a kasuwa, lafiyar jikinsa ita ce uwar kuɗi, kayan da ke cikin shago riba ce kawai. Kuma lokacin da ake cewa babu, yana nan a cikin yinin kowane ɗan kasuwa, sai dai ba a taɓa zama an yi masa lissafi ba.

Tun da farko muna so mu bambance waɗanda muke magana da su. Ba mu manta ba cewa yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, kuma a unguwanni da dama na Khartum da Omdurman da Bahri, tukwanen takiya da 'yan unguwa ke ɗorawa ne suka riƙe rayukan jama'a. Wanda yake kwana da yunwa abinci yake bukata. Ɗan dako da ke wuni yana sungumar buhu, da matar da ke tafiyar kilomita biyu da jarka a ka, hutu suke bukata da ruwa mai tsabta. Maganarmu da wanda Allah Ya rufa wa asiri ne, ya sake buɗe rumfarsa, ko ya koma da kasuwancinsa Gadarif ko Kasala ko bakin iyakar Gallabat, yana samun na cefane, amma zama wuri ɗaya da ƙiba da hawan jini suna cinsa sannu a hankali kamar gara.

Idan dai ba a manta ba, mu Hausawan wannan ƙasa jikokin matafiya ne. Kakanninmu da ƙafa suka zo. Daga Kano zuwa Khartum, ko da a miƙe aka ja zare, ya haura kilomita 2,500, kuma ba a miƙe suke bi ba. Sukan ratsa Barno, su bi ta Abeshe da Adare su shiga Jinaina, su wuce Fashir da Ubayyid, suna tafe suna yada zango suna noma da ɗinki da wanzanci don samun guzuri, wasu har su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. A can yamma kuma fatake sun yi ta kai da kawowa da jakuna tsakanin Kano da Gwanja suna sayo goro. Abin mamaki ne, kuma abin kunya, a ce jikan wanda ya tako daga Sakkwato zuwa Sawakin ba zai iya takawa daga gidansa zuwa bakin titi ba sai ya yi haki.

Ba muna cewa mutanen da sun fi mu son lafiya ba ne. Rayuwarsu ce ta tilasta musu motsi, tamu kuma ta tilasta mana zama. Raksha da Amjad da babur sun ɗauke tafiya, injin niƙa ya ɗauke daka da surfe, waya ta ɗauke zirga-zirgar karɓo bashi da jin farashi. Duk waɗannan ni'imomi ne, babu mai cewa a mayar da su. Amma jikin da aka halitta don ya yi aiki, idan aka zaunar da shi awa goma a rana ana ɗura masa sukari da mai, dole wata rana ya kawo takardar bashinsa. Jiki magayi ne.

Likitoci sun daɗe da gano haka. A 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin haya masu hawa biyu na birnin Landan. Mota ɗaya, hanya ɗaya, albashi kusan ɗaya, amma direba yana zaune duk yini, kwandasta kuma yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Mai karatu ya dubi shagonsa da kyau, ya tambayi kansa, tsakaninsa da yaronsa wane ne direba, wane ne kwandasta. Haka kuma a 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 da sukarin jininsu ya fara hawa amma ciwon bai kama su ba tukuna. Waɗanda aka sa suka riƙa tafiya minti 150 a mako tare da rage ƙiba da gyara cimarsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar magani kawai, nasu ya ragu da kashi 31 cikin ɗari. Wato tafiya da kame baki sun fi ƙwaya aiki kusan ninki biyu.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Naman cinya da na ƙwauri, idan suna aiki, sukan zuƙe sukarin da ke yawo a cikin jini su ƙone shi, shi ya sa ɗan tattaki bayan cin abinci yake sauko da sukari. Zuciya ita ma tsoka ce, in ta saba da aiki sai ta riƙa tura jini da yawa da bugu kaɗan, jijiyoyin jini su yi laushi, hawan jini ya ɗan lafa. Ga kuma barci da yake daɗa nauyi, da damuwa da take raguwa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka yi shekara biyu suna kwana da ƙarar bindiga a kunne, waɗanda da yawansu har yanzu in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai gabansu ya faɗi.

Alƙaluman ƙasarmu kuwa ba su da daɗin ji tun kafin yaƙi. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na manya a Sudan jininsu ya hau, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ƙiyasin da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta fitar a 2021 ya sa Sudan a kusan kashi 19 cikin ɗari na manya. Sai yaƙi ya zo ya rushe inda ake zuwa neman magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake faɗa sun daina aiki. An yi lokacin da asibitin Nau na Omdurman yake cikin 'yan ƙalilan da suka rage a tsaye a duk faɗin babban birnin. Masu wankin ƙoda da masu allurar insulin sun ga tasku, wasu sun rasu a hanyar neman inda injin ke aiki. Tun da sojoji suka ƙwace Khartum a watan Maris na 2025, Suƙ Libya ma ta fita daga hannun RSF a ƙarshen wannan watan, mutane suka fara komawa, har hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka koma Khartum sun haura miliyan ɗaya zuwa watan Oktoban 2025. Amma buɗe shago ya fi tada asibiti sauƙi. A garin da magani ya yi tsada kuma likita ya yi nisa, rigakafi ya tashi daga shawara ya zama dole.

To, nawa ake nema? Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kuma aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Motsi matsakaici shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Minti 150 shi ne minti 30 sau biyar. Tun da da 'yan kasuwa muke magana, bari mu yi lissafi. Mako guda yana da minti 10,080. Minti 150 a cikinsu kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari, bai ma kai ɗaya cikin arba'in ɗin da muke fitarwa daga dukiya a shekara ba. Ɗan kasuwar da zai biya mai gadi don kada a fasa masa sito, ya biya ɗan kamasho, ya biya kuɗin rumfa, bai kamata ya yi ƙyashin ba jikin da ke ɗauke da duk wannan kasuwanci kashi ɗaya da rabi ba. Bugu da ƙari, ƙa'idar ba ta ce sai an yi minti 30 ɗin a lokaci guda ba. Goma da safe, goma da la'asar, goma bayan isha'i, duk lissafi ɗaya ne, kamar yadda zubin adashi yake taruwa.

Ina za a samo su? Na farko, tsakanin sallar asuba da buɗe kasuwa. A Khartum, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, babu lokacin da ya kai wannan sanyi da kwanciyar ƙura, kuma babu mai saye da yake jira a wannan lokaci. Barcin bayan asuba da muke komawa, a rage masa minti 20 ba zai kashe kowa ba. Na biyu, hanyar kasuwa. Ba sai mutum ya taka duka ba, ya sauka daga raksha tun da sauran tafiyar minti goma, ya ƙarasa da ƙafa, ya kuma rage kuɗin mota. Na uku, masallaci. Maimakon shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, a nufi masallacin da ke da 'yar tazara. An hore mu da mu je salla cikin natsuwa, to a je a natse, a dawo da ɗan sauri ta doguwar hanya. Idan tsakanin shago da masallaci minti biyar ne, azahar da la'asar da magariba kaɗai sun ba da minti 30. Na huɗu, aiken da ake tura yaro. Zuwa duba kaya a sito, zuwa gaida maƙwabcin da ya dawo, zuwa tuna wa wani bashi, ai zuwa da kai ya fi aike. Na biyar, wayar nan da muke shafe rabin awa muna ciniki da Gadarif ko Injamena a kanta, babu dokar da ta ce sai a zaune za a amsa ta.

Sai maganar iyaye mata, wadda a ganinmu ta fi ta maza wuya. Uwargida takan ce ita da ba ta zauna ba tun asuba, wane motsa jiki kuma ake nema a wurinta? Tana da gaskiya ta wani ɓangare. Gajiya tana nan, amma yawancin aikin gidan yau na tsugunne ne da na tsayuwa wuri ɗaya, gaban murhu, gaban bahon wanki, gaban kaskon kisra. Yana cin baya da gwiwa, ba ya sa zuciya ta yi aikin da take bukata. Haka matan da ke wuni a kan 'yar kujera suna sayar da shayi ko gyaɗa ko godogodo. Ga haihuwa a kai a kai, ga ƙibar da ke biyo bayanta, wadda al'adarmu take yi wa kirari da cewa alamar hutu ce da iya riƙon miji. Muna kira ga magidanta da su gane cewa matar da ke da goyo da 'yan yaye ba za ta sami minti 30 ba sai wani ya karɓi yaran. Maigida ya zauna da su bayan la'asar ko bayan isha'i, ko babbar 'ya ta karɓa, ko maƙwabta su yi karɓa-karɓa. Wadda ba ta fita, tsakar gida ya ishe ta, ta kewaya shi da sauri, ta tashi ta zauna daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, ta yi tsallen igiya da 'ya'yanta mata a bayan ƙofa. Wadda take fita, ta raka yara makaranta ko Islamiyya da ƙafa tare da maƙwabtanta. Malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu. Wanda yake ganin girmansa zai zube idan ya taka da iyalinsa, sai ya faɗa mana girman wa ya fi.

Yara kuma su ne mafita, ko da yake su muke kafa hujja da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla awa ɗaya a rana ta wasan guje-guje. Yaran Khartum da yawa sun yi watanni a kulle cikin ɗaki saboda tsoron harsashi, makarantu a rufe, babu abokin wasa sai waya. Uban da ya ɗauki ƙwallo ya fita da 'ya'yansa minti 20, ko ya koya musu langa da kokawa kamar yadda aka koya masa, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya motsa jininsa, ya kuma ji abin da ke cikin zuciyar ɗansa, wanda ba zai taɓa ji ba a gaban kwanon tuwo. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan da ya tashi yana ganin ubansa ba ya ɗaga ko butar alwala, shi ma haka zai yi.

Duk lokacin da aka taɓo wannan magana a rediyo, hujjoji uku ne masu bugo waya suke kawowa. Ta farko ita ce kunya, wai a ga dattijo da rawani yana sassarfa, za a ce ya taɓu. Ba wanda ya ce ka sa gajeren wando. Da jallabiyarka da carbinka, ka ɗan ɗaga ƙafa kawai. Kafin yaƙi, bakin titin Nilu da filin Saha Khadra cike suke da dattawa maza da mata masu tattaki da yamma, galibi waɗanda likita ya riga ya ja wa kunne. Gara a fara kafin likita ya yi magana. Ta biyu ita ce ajali, wai in kwana ya ƙare ko kana gudu za ka tafi. Haka ne, babu mai ja. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo uku, bai taɓa barinsa a buɗe ya ce arziki na Allah ne ba. Kuma abin tsoron ai bai tsaya ga mutuwa ba, akwai shekara goma a kwance ana juya mutum ana kwashe masa. Ta uku ita ce rashin wuri. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Hilal da Marikh, da yaƙi ya raba su da filayensu na Omdurman, ba su rataye takalma ba, har Muritaniya suka je suka buga gasar kakar 2024 zuwa 2025. Mu da muke shafe minti 90 muna kallonsu a zaune, ba za mu rasa layin da za mu taka na minti goma ba.

Sai dai akwai hattara, kuma muna roƙon mai karatu kada ya tsallake wannan sashe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta gargaɗi cewa akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, har da nakiyoyi, a sassan Khartum da aka gwabza. A bi hanyar da jama'a ke bi kullum, kada a ratsa kango ko fili ko kurmin da aka daɗe ba a shiga ba, kuma a ja wa yara kunne kada su taɓa ko su shuri wani ƙarfe da ba su sani ba. Kada a fita da tsakar rana, ko lokacin da guguwar habub ta taso, musamman mai asma. A riƙe ruwan da aka tafasa ko aka sa wa magani, domin kwalarar da ta addabi jihar Khartum a 2025 ta ishe mu darasi. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako-mako, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi likita. Mai ciwon suga da ke allura ko shan ƙwaya ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar sukari, ya sa takalmi mai rufi, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su fara jin ta bakin ma'aikacin lafiya. Da azumi kuma a bari sai an sha ruwa. Tafiya ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta, taimaka masa take yi.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo kofin shayi, domin banza ne a ɗebo ruwa da safe a zubar da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a shida ya fi. Ɗan kasuwar da ke shan kofi biyar na shayi da jabana, kowanne da cokali uku, ya riga ya sha 15 kafin a zo maganar zalabiya da karkade da lemon kwalba. Ba mu ce a daina zuwa wajen mai shayi ba, ita ma iyali take ciyarwa. A ce mata ta sa cokali ɗaya. Agashen da kakanninmu suka kawo wa ƙasar nan har ya zama abin alfaharin kowa, a ci shi, amma a rage kitse da gishiri.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyin Hausawa da su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin buhun sukari biyu ba. Kowace ƙungiya ta sayi ɗaya ta ajiye a ofishinta, ta nemi wani ma'aikacin lafiya daga cikin 'ya'yanta ya riƙa zuwa ranar da aka tsayar. 'Yan layi ɗaya su haɗu uku ko huɗu su riƙa tattakin asuba tare, domin wanda ake jira a ƙofar gida ba ya komawa barci. Limamai su sa maganar amanar jiki a huɗuba, su kuma tuna wa masu niyyar aikin Hajji cewa sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da jifa. Hukumomin jihar Khartum, a yayin da ake gyaran gari, su fara share filayen unguwanni da na makarantu daga abubuwan fashewa, su sa fitilu, kuma su hana a yanka filayen wasan yara a sayar. Dandalin kokawa na Haj Yusuf, da ya saba tara jama'a kafin yaƙi, irinsa ya kamata a raya a kowace unguwa.

Wannan magana ba ta mutanen Khartum kaɗai ba ce. Ɗan'uwanmu da ke karanta wannan shafi a Gallabat ko Adare, ko a Jibiya da Illela da Ƙwanni da Maigatari, kujerarsa iri ɗaya ce da ta mutumin Suƙ Libya, kofin shayinsa ma haka. Bambancin kawai shi ne mutumin Khartum ya riga ya ga ranar da asibiti ya rufe, magani ya ɓace, babu abin da ya rage masa sai lafiyar da ya shigo da ita. Mutane da yawa da ƙafa suka fita daga unguwanninsu a 2023, ɗauke da yara da tsofaffi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan an sallame asuba, kafin a koma shimfiɗa, a gwada minti goma. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da Sudan da sauran ƙasashenmu lafiya, amin.